Littafin Bature Da Dajin Talaka

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa samarin jam'iyyarmu na ƙasar Boɗinga da ta Shagari a wurin taronsu. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.



Abin da ya tara mu yau littafi ne. Kwanakin baya waɗansu samarinmu suka zo mana da littattafai guda uku, biyu sun saye su ne wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin hanya a Sakkwato, na ukun kuwa turo musu shi aka yi ta waya. Duka da Turanci aka rubuta su, duka kuma magana ɗaya su ke yi, watau yadda mutum zai tsira da ransa in ya sami kansa cikin daji, ba gida, ba rijiya, ba asibiti. Samarin suka ce suna so a juya su da Hausa a rarraba wa rassan jam'iyya na ƙauyuka. Muka ce madalla da wannan himma, amma a dakata tukuna mu karanta. To, mun karanta, mun kuma kai abin da ke ciki gaban maharba da makiyaya da wani malamin asibiti, abin da muka samo shi za mu faɗa muku yau.

Irin waɗannan littattafai ba yau aka fara su ba. A shekarar 1907 wani hafsan sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya ɗebi yara kamar 20 ya kai su wani tsibiri da a ke kira Brownsea, suka kafa tantuna suka yi kwanaki suna koyon hura wuta da bin sawu. Da shekara ta kewayo, a 1908, ya buga littafinsa Scouting for Boys, shi ne tushen aikin sikawut, aikin da ya iso Nijeriya a 1915. Daga baya sojan Amurka suka yi nasu saboda mayaƙan da jirgi ya faɗi da su a baƙuwar ƙasa, a 1986 kuma wani tsohon sojan Ingila, John Wiseman, ya fitar da nasa, aka saye shi ko'ina cikin duniya. Ku lura da mutumin da aka rubuta wa su. Mutum ne wanda ya shiga daji da ƙafarsa, don sha'awa ko don aikin soja, yana da tanti da kamfas da takalmi mai wuya da abincin gwangwani, ya kuma tabbata in ya kwana biyu bai dawo ba hukuma za ta tashi jirgin sama ta neme shi.

To, mu fa, wa ke shiga daji a ƙasar nan? Yarinya ce da aka aika itace. Makiyayi ne da ke bin dabbobi da rani. Manomi ne da ya kwana a gona lokacin girbi yana tsaron damin gero. Sa'an nan, a shekarun nan, magidanci ne da matansa da 'ya'yansa, waɗanda suka ji ƙarar baburan 'yan bindiga da dare suka bar ɗaki a buɗe suka shige cikin saura, kamar yadda ya sha faruwa a Isa da Sabon Birni da Rabah da Tureta, har abin ya taɓo namu ƙauyuka. Bature yana kwana daji ne don nishaɗi. Talakan Sakkwato kuwa yana kwana daji ne don masu mulki sun kasa tsare masa ɗakinsa, kuma ba wani jirgin sama da za a tashi a neme shi. Saboda haka maganar ko littafi ya faɗi daidai ko bai faɗi ba, a wurinmu maganar rai ce.

Kada a ce mun yi musu rashin adalci. Akwai gaskiya mai yawa a cikinsu, kuma za mu ɗauke ta. Sun ce a tace ruwa a tafasa shi kafin a sha, wannan haka ya ke, dattawan da ke zaune nan sun tuna yadda kurkunu ke kwantar da rabin gari da damina, tace ruwa da gina rijiyoyi suka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ya ƙare a Nijeriya. Sun ce mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita guda ta tafasasshen ruwa, wannan ma daidai ne. Sun ce kada ka fita sai ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo, kada ka yi tafiya da tsakar rana, kada ka bar wuta ba ka kashe ta ba. Wa zai yi gardama da wannan?

Amma da muka zo kan gane hanya, sai muka fara cin karo. Ɗaya daga cikinsu ya ce in ka ɓata ka dubi gindin itace, gefen da gansakuka ta fito nan ne arewa. Wani maharbi da muka karanta wa ya yi dariya, ya ce a kai marubucin fakon da ke tsakanin Sifawa da Dingyaɗi cikin watan Maris ya nemo gansakukar. Wani kuma ya ce da tsakar rana kullum rana tana kudu, inuwarka tana nuna arewa. A Ingila haka ne, shekara duka. A nan kuwa, tun da ya ke Boɗinga da Shagari suna kusan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, daga wajen ƙarshen Afrilu har bayan tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da kanmu, inuwar tsakar rana kuwa sai ta koma kudu. Kusan wata huɗu ke nan, kuma su ne watannin shuka da noma. Wanda bai yarda ba ya kafa sanda a tsakar gidansa cikin watan Yuni ya gani da idonsa. Mutumin da ya bi littafin nan a wannan lokaci, in yana nufin arewa, kudu zai dosa. Alhali kuwa mu da mu ke fuskantar gabas sau biyar a yini, yaronmu ma ya san hadari daga gabas ya ke tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, ya san inda Gamzaki ke fitowa da asuba.

Maganar ruwa ta fi wannan haɗari. Duka ukun sun kawo wata dabara da waɗansu masana suka ƙirƙiro a Arizona ta Amurka a 1965: a haƙa rami, a ajiye kwano a tsakiya, a rufe da leda, a ɗora tsakuwa, wai zafin rana zai sa tururin ƙasa ya taru ya ɗiga cikin kwanon. Samarinmu sun gwada da bazara a bayan gari. Mutum biyu suka yi ta sara da diga, suka shanye gorar da suka zo da ita, da magariba abin da ya taru bai cika kofin shayi ba. Inda ƙasa ke da laima dabarar tana ba da ɗan abin da ba a rasa ba, amma a marmara, cikin Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gumin da za ka zubar wajen haƙa ya fi ruwan da za ka samu. Makiyayi ba ya haka. Busasshen rafi ya ke nema, ya tafi inda ya yi kwana, ya tona yashi, ko ya dubi inda giginya da kanya suka yi kore, ko ya bi sawun shanu da hanyar da tsuntsaye ke bi da maraice.

Har wa yau sun ce a sare wani tsiro mai ƙaya na hamadar Amurka a sha ruwan cikinsa. Mu ba mu da shi. Abin da ya yi kama da hoton a dajinmu tinya ce da ƙerana, waɗanda farin ruwansu ke ƙone baki, in ya shiga ido ya iya makantar da mutum. Ku duba fa, yaro mai jin ƙishirwa, da hoto a hannunsa!

A kan abinci kuma akwai wani gwaji da littafin sojan ya koyar, wai in ka ga ganye ko 'ya'yan itace da ba ka sani ba, ka shafa a fata, sa'an nan a leɓe, sa'an nan a harshe, ka haɗiye kaɗan ka jira awa 8. Sai ka ɓata yini da kwana a kan ganye ɗaya. Kuma baki ba ya gane dafi. 'Ya'yan bini-da-zugu gardi gare su kamar gyaɗa, shi ya sa yara kan ci su kwana suna amai da gudawa, zaƙami kuwa kowa ya san aikinsa. Anza fa? Ɗacinta zai sa mai bin littafi ya tofar, ga shi kuwa ita ce ta riƙe mutane da yawa a ƙasar Maraɗi a yunwar 2005, don matan can sun san a jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita. Wace tsohuwa ce a Shagari ba za ta lissafa muku aduwa da magarya da kurna da ɗinya da taura da goruba da muruci da tafasa da yaɗiya da bado a numfashi ɗaya ba? Ba ko ɗaya daga cikinsu a littattafan nan. Na wayar kuwa ba sunan marubuci ma a jikinsa, ku kuwa sani a 2023 wata ƙungiyar masana laimar kwaɗi ta birnin New York ta yi gargaɗi cewa an cika kasuwar Amazon da littattafan tsince-tsincen daji waɗanda kwamfuta ta harhaɗa, ba mutumin da ya taɓa shiga daji, kuma bin su na iya kisa.

Yanzu mun zo kan babbar magana, watau saran maciji, muna roƙo kowa ya kasa kunne. Tsofaffin littattafan sikawut da na soja sun koyar da a ɗaure saman wurin tam da igiya, a tsaga da wuƙa, a tsotse dafin. Biyu daga cikin ukun nan haka suka faɗa, kuma abin ya yi daidai da abin da mu ma muka gada, shi ya sa ya ke da saurin shiga kai. To, likitocin duniya sun bar wannan tuntuni, sababbin bugu na littattafan kirki ma sun cire shi, amma tsohon bugu shi ne mai araha, shi ke zuwa kasuwarmu.

Ga dalili. Macijin da ya fi kashe manoma a arewacin Nijeriya kububuwa ce, 'yar ƙarama, launinta launin ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin kara da damin hatsi. Dafinta hana jini daskarewa ya ke yi. Wanda ta sara sai ka ga dasashinsa na zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja. Mutumin da jininsa ba ya tsayawa, ka ɗauko reza ka tsaga shi, me ka yi masa? Ɗaurin roba kuma ba ya tsare dafi, jini ya ke tsarewa, sai ƙafa ta ruɓe, musamman in kasa ce ta yi saran, ƙarshenta a yanke ta. Tsotsa ba ta fitar da kome, baƙin dutsen nan da a ke mannawa shi ma an gwada shi ba ya jan dafi. Muna da wani ɗan jam'iyya a wani ƙauye yamma da nan, da kakar bara kububuwa ta sari ƙanensa wajen ɗaurin gero, aka ɗaure da robar keke, aka tsaga, aka kwana biyu ana jiƙe-jiƙe. Da aka kai shi asibiti daga baya Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yau da sanda ya ke tafiya, gonarsa kuwa an jinginar.

Abin da likitoci suka ce a yi ba shi da wuya. A kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da munduwa da takalmi kafin wurin ya kumbura, a ɗaura wa gaɓar kara ko sanda sako-sako don kada ta motsa, kada a bar shi ya yi gudu ko doguwar tafiya da ƙafa, a ɗauke shi a amalanke ko babur a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya neman macijin. In gamsheƙa ce ta tofa a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa. A asibiti akwai gwajin da ya fito daga aikin da likita David Warrell da abokansa suka yi a nan arewa, lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970: a zuba jinin mutum cikin busasshiyar kwalba mai tsabta a bar shi minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga jini, sai allura. Ku lura, wannan ilmi a ƙasarmu aka same shi, a jikin manomanmu, amma bai shiga littafin da a ke sayar mana ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Littafi mai gaskiya zai ce maka ka je asibiti. In ka je ba allurar fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ce tana so a rage wannan rabi kafin 2030. Allurar EchiTAb da dafin macizan Nijeriya aka haɗa ta, amma a Birtaniya da Kosta Rika aka yi ta, aka kawo mana. Asibitin da ya yi suna a kan wannan aiki yana Kaltungo ta jihar Gwambe, tafiyar yini guda cur a mota daga nan, in hanya ta yi kyau. Muna tambayar masu mulki, su da ke da kuɗin sayen jerin motoci: kwalba nawa ce a Boɗinga yau? Nawa a Shagari, nawa a Yabo? Su fito su faɗa. Talaka ba don jahilci kaɗai ya ke zuwa wurin mai tsaga ba, don ya san in ya je can za a rubuta masa takarda a ce ya nemo, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin rumbunsa.

Akwai kuma abin da littattafan suka taɓa sama-sama, shi kuwa ya fi ci mana rai, watau ƙetare ruwa. A 1992 wani saurayi Ba'amurke, Christopher McCandless, ya shiga dajin Alaska da littafin tsirrai a jakarsa, da ya so fitowa sai ya tarar kogi ya cika, ba shi da taswirar kirki da za ta nuna masa akwai igiyar ƙetarewa ƙasa da mil guda daga wurin, ya koma yunwa ta kashe shi. Mutum ɗaya ke nan, an yi masa littafi, an yi masa fim, duniya ta san sunansa. A cikin Afrilu 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a nan ƙasar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A cikin Mayu 2023 wani ya sake kifewa da yaran Dandeji, aka tsamo gawa 15. Ina za su? Itace za su nema a ƙetare, don na kusa ya ƙare. Allah ya jiƙansu. An zo an yi ta'aziyya, an ɗauki hoto, an koma. Wane littafi ne ya gaya wa mai tuƙi mutum nawa jirginsa ke ɗauka? Wa ya ba yaran rigar da ke hana nutsewa? Shafi guda a kan wannan ya fi mana babi goma a kan yadda za a gina ɗakin ƙanƙara.

Kada wani ya fita nan ya ce mun ce a ƙi littafi, ko a ƙi ilmin Bature. Mu da Shehu Usmanu ya zauna Sifawa yana karantarwa, Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, Sarkin Musulmi Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, mu ne za mu ƙi littafi? Abin da mu ke cewa, littafi yana yin daidai ne gwargwadon yadda mai shi ya tambayi mutanen wurin. Ku ɗauki Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim. A 1850, kusa da Gat, ya raina shawara ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, ruwansa ya ƙare har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa, wani Buzu ne ya bi sawunsa ya cece shi. Daga nan ya yi hankali. Da ya ratsa dajin Gundumi a 1853 cikin ayari ya bi, da ya tashi daga Sakkwato zuwa Gwandu ya biyo ta nan Boɗinga yana tambaya da Hausa, yana rubuta sunan kowane gari da rafi da itace, shi ya sa har yau masana ke aiki da littafinsa. Haka likita Dalziel, wanda ya yi aiki a arewa zamanin Turawa, ya bi mutanenmu yana tambayar sunayen itatuwa da amfaninsu, ya buga su a 1916, ya kuma faɗaɗa a 1937. Ilmin kakanninmu ne, amma yana kulle cikin Turanci a ɗakunan karatu na jami'a. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. Na gida ma a tace shi, gama tsaga da tsotsa ai namu ne, kuma sun kashe mana mutane.

Saboda haka amsarmu ga samarin ita ce ba za mu juya littattafan nan uku ba. Namu za mu yi, ɗan ƙarami wanda zai shiga aljihu, da boko da ajami, in hali ya yi da Fulatanci. Ba sabon abu ba ne. A 1954 an kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafan Hausa na yaƙi da jahilci ana kai su har ƙauye, marigayi Shehu Shagari kuma, ko da ya ke ba layinmu ɗaya ba a siyasa, tun yana malamin makaranta ya zuba labarin ƙasa cikin Waƙar Nijeriya yara suka hardace. Aikin gwamnati ne wannan, da rediyonta da ma'aikatar lafiyarta, amma tun da ba ta yi ba, za mu fara, kuma ba za mu fasa neman a ajiye allurar dafi kyauta a kowane babban asibiti ba, da firij mai aiki, da rigunan ruwa a kowace mashiga ta ƙasar Shagari, da takalman roba ga manoma kafin kaka.

Ga aikin da aka ɗora wa kowane reshe. Ku je wurin maharba da makiyaya da masunta da tsofaffin mata na garinku, ku gaishe su da ladabi, ku rubuto abin da a ke ci a dajinku da wanda ba a ci, da inda a ke samun ruwa da rani, da sunayen mashigu da lokacin da ruwa ke cika. Kada ku gyara musu magana, ku rubuta yadda suka faɗa. Duk abin da ya shafi magani ko dafi sai malamin asibiti ya duba shi kafin ya shiga, abin da ya soke kuwa an soke ke nan, ko wane ne ya faɗe shi. Reshen Boɗinga da na Sifawa da na Ɗancaɗi su miƙa nasu ga sakatare nan da mako uku, na ƙasar Shagari kuma a ba su mako huɗu saboda nisan ƙauyukan bakin ruwa. Littattafan nan uku suna wurin sakatare, mai son dubawa ya duba, mun ja jan layi a kan kowane shafi da ba a yarda a bi ba.